Kafin ka ɗaure igiyar takalmin gudu, ɗana

Ɗana, idan zuciyarka ta raya maka ka tafi ƙasar waje ka shiga gudun fanfalaki don a tara wa mabuƙata kuɗi, ba zan hana ka ba. Ƙarfin ƙuruciya aro ne, gara a kashe shi a kan alheri. Amma zauna tukuna mu yi magana.

Ka fara sanin girman abin. Ɗauki gasar Comrades ta Afirka ta Kudu, wadda Vic Clapham, tsohon sojan Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya assasa a 1921 don tunawa da 'yan'uwansa da suka mutu a fagen fama. Ana yin ta tsakanin Durban da Pietermaritzburg, kusan kilomita 90, nisan da ya zarce na Shagari zuwa Sakkwato sosai. Bana a yi hawa, baɗi a yi gangara. Manyan tuddai biyar ne a hanya, ciki har da Inchanga da Polly Shortts. Awa 12 aka yanka. Da ta cika sai jami'i ya juya wa masu gudu baya ya harba bindiga, wanda ya rage masa taku uku ma ya rasa lambar yabo.

Mu kuwa ƙasarmu shimfiɗe take, fadama da faƙo da ɗan tudu nan da can. Ƙafar da ta saba da titin Boɗinga ba ta san wahalar gangara ba, alhali gangarar ce ke kashe cinya da gwiwa fiye da hawan. Ka ba jikinka watanni, ka nemi tudu ka yi ta hawa da sauka bayan sallar asuba, kafin ranar bazara ta buɗe. Ka je likita ya duba zuciyarka. Ka kuma sani a watan Yuni da aka saba yin gasar, sanyi ake yi a can. Ruwa ma da ƙa'idarsa: wanda ya yi ta ɗirka ba lissafi, gishirin jininsa na iya raguwa har ya faɗi, kuma a jikin masu irin wannan gudun a Afirka ta Kudu likitoci suka fara bayyana matsalar.

To duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin mutane.

Ranar da ka ce "ku taimaka, don marayu zan yi gudu", ka ɗauki amana. Tsohuwar da ta kwance bakin zaninta ta miƙo maka naira ɗari biyar a dunƙule, da ɗan acaɓan da ya tura maka dubu ɗaya ta waya, ba tikitin jirgi suka saya maka ba. Kuɗin biza da masauki da takalmi su fito daga aljihunka, ko daga wanda ya san sarai abin da yake biya ke nan. Kada kobon sadaka ya kwana a asusu ɗaya da kuɗinka. In kuwa ka lissafa ka ga kuɗin tafiyar ya fi abin da za ka tara, ka ji tsoron Allah ka zauna gida, ka bayar da kuɗin tafiyar.

Kuma ka faɗi sunan inda kuɗin za su tun kafin ka karɓa. "Marasa galihu" ba adireshi ba ne. Ga Asibitin Yara na Noma a Sakkwato, inda ake yi wa yaran da cutar ta cinye wa naman baki da fuska aiki. Ga mu nan Shagari: a watan Afrilun 2022 kwale-kwale ya kife da mutanen Gidan Magana, rayuka 29 suka salwanta, yawancinsu yara. Rigunan ruwa nawa kuɗin da ka tara za su saya wa masu ƙetare gulbi? Ka zaɓi abu ɗaya wanda ido zai gani, hannu ya taɓa. In ba ka iya rabon da kanka, akwai Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha.

Sai batun niyya. Ka tuna 2015, lokacin da wani matashi ya yi tattaki daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Buhari, sai ga masu tattaki sun ɓarke ko'ina, kowa da ɗan siyasar da yake nufa. Naka ya bambanta da wannan. Hoto ba laifi ba ne in shi zai sa a bayar, amma riya ba ta sallama in za ta shigo. Ka riƙa binciken zuciyarka: da ba wanda zai ga hoton nan, zan yi gudun?

In Allah Ya dawo da kai lafiya, ko ka kai ƙarshe ko bindiga ta riga ka, kuɗin na masu shi ne. Ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ka haɗa da rasit, ka karanta a gaban hakimi da liman da waɗanda suka bayar. Ka yi wannan cikin makon da ka sauka, ɗana, kada ka bari sai an aiko tambaya.