BINCIKEN KIMIYYA FARILLA CE A KAN JAMA'A

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, malaman fiƙihu sun kasa farilla kashi biyu. Akwai farali aini, watau wanda ya hau kan kowane baligi, kamar salla da azumi. Akwai kuma farali kifaya, wanda in waɗansu suka tsaya da shi an ɗauke wa saura, in kuwa kowa ya yi sakaci, laifi ya hau kan jama'a duka. Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya sa ilmin likitanci da na lissafi cikin wannan kashi na biyu a littafinsa Ihya'u Ulumiddini, har ya ƙara da sana'o'i irin su noma da saƙa. Dalilinsa shi ne, zaman duniya ba ya gyaruwa sai da su. Hadisi ingantacce kuma ya nuna cewa Allah bai saukar da wata cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. To, maganin da aka saukar ba ya amfanar mara lafiya sai an neme shi an gano shi, kuma nemansa ɗin nan shi ake kira bincike.

Malaman usulu sun ce abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Mai bincike yana bukatar abinci, da ɗakin gwaji, da kayan aiki, da shekaru masu yawa kafin aikinsa ya haifi wani abu. Mutum ɗaya ba ya iya ɗaukar wannan nauyi. Saboda haka ya koma kan baitulmali, watau kan hukuma, sa'an nan kan mawadata.

Magabata sun gane haka. Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, ya ɗaukaka Baitul Hikima a Bagadaza, ya sa aka gina wurin duban taurari a Shammasiyya, ya kuma aika masana zuwa filin Sinjar domin su auna girman duniya. A zamaninsa ne Alhawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara, wanda babban sashe nasa ya shafi rabon gado da wasiyya. Hunainu ɗan Ishaƙu kuwa, wanda ya juya littattafan likitancin Yunanawa zuwa Larabci, Kirista ne, kuma wannan bai hana Musulmi biyansa ladan aikinsa ba. A ƙasar Hausa ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna tare da nauyin mulki da ke kansa.

Amma akwai wa'azi na biyu cikin labarin Ma'amun. Shi ne dai ya tilasta wa malamai su yarda da cewa Alƙur'ani halitta ne, fitinar da ta kai ga ɗaure Imamu Ahmadu ɗan Hambali. Wajibin mai mulki shi ne ya ciyar da masana, amma ba shi da ikon ya faɗa musu abin da za su gano.

Wanda yake shakkar amfanin wannan ciyarwa sai ya tuna da shekarar 1975, lokacin da cutar kuturtar gyaɗa ta cinye gonaki a arewacin Nijeriya, ta zama ɗaya daga cikin dalilan ɓacewar dalar gyaɗa a Kano. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta yi shekaru tana aiki tare da waɗansu cibiyoyi kafin aka fitar da irin gyaɗa mai jure wa wannan cuta. Manomin da ya shuka irin nan ya ci, ya fitar da zakka, bai san sunan wanda ya yi wahalar ba, amma Allah Ya san shi.

A 1980 shugabannin Afirka sun hallara a Ikko, suka yi alkawarin keɓe kashi 1 cikin 100 na abin da tattalin arzikin kowace ƙasa yake samarwa domin kimiyya da fasaha. Yawancin ƙasashen, har da Nijeriya, ba su cika wannan alkawari ba, alhali Koriya ta Kudu tana kashe fiye da kashi 4 cikin 100. Gaskiya ne an kafa asusun TETFund a 2011, kuma yana ba malaman jami'a kuɗin bincike, sai dai bukata ta fi ƙarfinsa. Cika alkawari kuwa umarni ne na Alƙur'ani, ba a ɗauke wa shugabanni shi ba.

Saboda haka nauyi ya rabu huɗu. Hukuma ta sa kuɗin bincike cikin kasafi, ta kuma sake shi a kan lokaci, domin gwajin iri ba ya jiran damina ta wuce. Mawadata su raya sunnar wakafi, yadda Sarki Ƙalawun ya gina asibitin Mansuri a Alƙahira a 1284 ya tsayar masa da dukiyar da za ta riƙe shi, su tuna ilmi mai amfani yana cikin ayyuka uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa. Masu bincike su sani kuɗin nan amana ce, wanda ya karɓa ya ƙaga sakamakon ƙarya ya ci haram. Limamai da masu wa'azi kuma su bayyana wa jama'a cewa yaron da ya shiga ɗakin gwaji da kyakkyawar niyya yana sauke wa garinsa farilla ne.

Allah Ya ba shugabanni ikon sauke wannan nauyi, Ya sa albarka cikin aikin masu neman sani. Allah Shi ne Mafi sani.