Hannun Baba da Tiyarsa

Ranar da na gwada Abba da masara, shekarunsa biyar da 'yan watanni. Na shimfiɗa tabarma a zaure, na ɗauko tsofaffin tiyoyin Baba guda biyu, na cika kowacce, na ce ya faɗa mini wacce ta fi yawa. Ya leƙa wannan, ya leƙa waccan, ya ce daidai suke. Sai na juye ɗaya a kan tabarmar, na baje ta da tafin hannu, na sake tambayarsa. Ko numfashi bai ja ba ya nuna ta ƙasa.

Na ce, "Ka ga na ƙara ko ƙwaya ɗaya?"

Ya ce, "A'a."

"To ta yaya ta fi?"

Ya dube ni kamar ni ne ban gane ba. "Ai ga ta nan ko'ina!"

Gwajin na Jean Piaget ne, mutumin Siwizalan da muke kira Fiyaje a aji lokacin da nake karatun NCE a Kumbotso. An haife shi a 1896, ya rasu a 1980, kuma 'ya'yansa uku na cikin waɗanda ya fi zura wa ido. Shi da ruwa da kofuna ya yi nasa. Ya ce tunanin yaro hawa huɗu ne: daga haihuwa zuwa shekara biyu da baki da hannu yake sanin duniya, daga biyu zuwa bakwai yana magana amma ido na yaudararsa, daga bakwai zuwa wajen sha ɗaya yake gane cewa sauya mazubi ba ya sauya yawan abu, daga nan sai ya iya tunani a kan abin da ba ya gabansa. A 1961 wani mai bincike, Price-Williams, ya buga sakamakon irin wannan gwaji da ya yi wa yaran Tibi a nan Nijeriya, ya tarar su ma wajen shekara bakwai zuwa takwas suke kama bakin zaren.

Da na fara koyarwa a firamare, abin da ya fi burge ni shi ne yadda lissafin Bature ya zo ya tarar da namu a zaune. Mu ma a shekara bakwai ake cewa yaro ya yi wayo, a umarce shi da salla, a matsa masa idan ya kai goma. Wajen wannan lokacin iyayenmu suke kiran wanzami a yi kaciya cikin sanyi. Yaye kuma shekara biyu, a kai yaro ɗakin kaka ya yi kukansa ya gama. Malaman Malikiyya suka ce wanda alamun balaga ba su bayyana gare shi ba, a jira shi ya cika sha takwas kafin a ɗora masa nauyin shari'a. Na daɗe ina jin daɗin wannan dacewa, har ina yi wa abokan aiki fafa da ita.

Amma a ɗaya kusurwar zauren, lokacin da nake gwada Abba, akwai mai sunansa zaune a kan buzu yana jan carbi, kuma shi littafin Fiyaje bai ce komai a kansa ba.

Baba ya fi shekara arba'in yana awon hatsi a Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da titin Kano zuwa Zariya, ta ratsa dajin Falgore ta nufi Jos. Da ido yake faɗa maka tiya nawa ce a buhu, ka auna ka tarar bai kuskure da yawa ba. Bashin mutum talatin yana kansa ba takarda. Ya karanci Ahalari a zauren malaminsa har ya zama idan liman ya yi rafkanwa, shi ake waiwaya a tambaya ƙabli ne ko ba'adi. Yau wannan mutumin yakan yi Magariba raka'a biyar. Yakan tambaye ni ko Inna ta dawo daga unguwa, alhali ta shekara tara a kabari. Wani lokaci ya ce a ɗaura masa buhu a keke zai kai wa leburori hatsi Tiga, don a kansa Audu Bako ne gwamna har yanzu, madatsar da aka gama tun 1974 kuma ana kan gina ta.

Masu zuwa gaishe shi sukan ce, "Sai haƙuri, Malam, gigin tsufa ne, ya koma yaro." Wannan magana ita ta hana ni barci. In hankali ne ma'aunin mutum, kuma hankalin hawa-hawa yake zuwa, to wanda nasa ya zube, mene ne ya rage masa? Tsanin Fiyaje hawa kawai ya sani, ya tsaya a samartaka. Erik Erikson ya fi shi nisa: a littafinsa na 1950 ya kasa rayuwa gida takwas tun daga goyo har tsufa, ya ce a gidan ƙarshe tsoho yana waiwayen rayuwarsa, ko ya gamsu ko ya yanke ƙauna. To amma waiwaye sai da tunawa. Sai bayan rasuwarsa a 1994 matarsa Joan, da ta haura casa'in ta ɗanɗana da kanta, ta ƙara gida na tara, na lokacin da jiki ya daina biyayya. Alƙur'ani kuwa tun farko bai zana rayuwa a matsayin tsani ba. Aya ta 54 a Suratur Rum ta kasa ta uku: rauni, ƙarfi, sannan wani raunin tare da furfura. Suratul Hajji ma ta ambaci wanda za a ja wa kwana har saninsa ya kuɓuce masa.

Wata Asabar da hantsi na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ɗauko tiyoyin nan na zauna gaban mahaifina, na cika su, na juye ɗaya a tabarma, na ce, "Baba, wacce ta fi yawa?" So nake in san a wane hawa yake.

Bai amsa ba. Ya ajiye carbin, ya miƙo hannu ya karɓe tiyar. "Kai yaro, wa ya koya maka awo haka?" Ya tattara masarar, ya cika tiyar har ta yi tozo, ya tare gefenta da hannun hagu kada ta zube, ya juye a ƙwarya. Sannan ya damƙi cikin hannu guda ya watsa a kai.

"Ba a sallamar mutum ba gyara," in ji shi. "Ka miƙa mata, marayu gare ta."

Ban san wace mata yake gani ba. Wataƙila ta rasu tun ban shiga makaranta ba. Ranar ko sunana bai kama ba, yaro yake ce mini. Amma hannun nan bai tauye mudu ba, bai kuma manta gyara ba. Hausawa da suka ce hali zanen dutse ne, ashe har da dutsen da ruwa ya riga ya cinye gefensa suke nufi.

Da na kai wa limaminmu maganar raka'a biyar, dariya ya yi, ya ce, "Malam, ka bar tsoho da Ubangijinsa. Wanda hankali ya bari an ɗauke masa alƙalami, kamar yaro da mai barci. Kuma muna kyautata zato, tunda ya tabbata cewa marar lafiya ana ci gaba da rubuta masa ladan abin da ya saba yi da lafiyarsa." A nan na gane inda masu cewa ya koma yaro suka kuskure. Alƙalami bai hau kan su biyun ba, gaskiya ne, amma shi Abba ba a buɗe littafinsa ba tukuna, na Baba kuwa cike yake. Hankali ma'aunin hisabi ne, da shi ake sanin wanda za a tambaya. Mutunci ba da wannan tiya ake auna shi ba. Shi ya sa Suratul Isra'i, a inda ta hana ko da tsaki ga iyayen da tsufa ya kama, nan take ta tuna wa ɗa renon da aka yi masa yana ƙarami. Raunin farko bashi ne, a rauni na biyu ake biya.

Abin ya sauya yadda nake shiga aji. Har yanzu ina amfani da Fiyaje: ba na dukan ɗan aji ɗaya don ya kasa gane abin da ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ba, kuma da duwatsu da marfin kwalba nake koyar da lissafi. Amma na daina ɗaukar sallama da gaskiya da mayar da canji daidai a matsayin ƙananan abubuwan da za su jira yaro ya yi hankali. Na ga da idona cewa abin da aka saba wa hannu tun kafin wayo ya zo, shi ne yake saura bayan wayon ya tafi.

Bana Abba ya cika bakwai. Da na sake baje masa masara, sai ya ce, "Ai ita ce dai, ka juye ne kawai," ya tashi ya bar ni da tabarma. Yanzu shi ke tsayawa gefen kakansa da Magariba, in tsoho ya yunƙura zai tashi ta huɗu, sai ya ja masa gefen riga. Wani lokaci Baba ya zauna, wani lokaci ya ƙi. In sun sallame, yakan kira yaron da sunan ƙanensa da ya rasu tun suna samari, ya ce ya je ya duba ko an ba jaki ruwa. Gidanmu rabonsa da jaki ya fi shekara ashirin. Abba kan ce, "To, Baba," ya fita tsakar gida ya ɗan jima, ya dawo ya ce an ba shi.