Wa Ke Shaidar Ciwon Gwiwa?

A masallatai da yawa yanzu za ka ga kujerun roba jere a gefen sahu, kuma akasarin masu zama a kansu gwiwa ce ta zaunar da su. Amosanin gaɓa, wanda jama'a ke kira sanyin ƙashi, yakan cinye guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa har durƙuson sujada ya gagara. To da me za a tabbatar da uzurin irin wannan bawan Allah: da hoton asibiti ko da bakinsa? Ni dai ina ganin bakinsa ne shaida, kuma ilimin likitanci da kansa ya goyi bayan haka.

A 1957 Kellgren da Lawrence, a Ingila, suka fito da ma'aunin hoton ƙashi mai mataki 0 zuwa 4, bisa tsukewar ratar gaɓa da tsiron ƙashi a gefenta, kuma har yau da shi ake aiki. Sai dai likitoci sun daɗe da lura cewa hoto da raɗaɗi ba kullum suke tafiya tare ba: wani hotonsa ya munana amma yana zuwa gona, wani nasa da dama-dama amma ciwo ya hana shi barci. A 2012 an wallafa binciken Framingham na Amurka, inda aka duba gwiwar mutum 710 'yan shekara 50 zuwa sama da na'urar MRI, waɗanda hoton ƙashi bai nuna musu amosani ba. An ga wata tawaya a kashi 89 cikin ɗari, masu jin ciwo da marasa ji. Guringuntsi ba shi da jijiyar ji, zafin daga ƙashin da ke ƙarƙashinsa da tantanin gaɓa yake tasowa. Shari'a kuwa tun farko kan iko ta rataya rangwame. Da Imrana ɗan Husaini ya kai kukan basur, Manzon Allah (SAW) ya ba shi damar zama idan tsayuwa ta gagara, kuma shi aka bar wa auna gagarar.

Wani zai ce wannan ƙofa ce ga malalaci. Haka ne, amma mai sallar ƙarya a kujera ba liman yake yaudara ba, kuma takardar asibiti ba ta gyara niyya.

Sukar da ta fi ƙarfi ita ce awo yakan san abin da mai ciwo bai sani ba, kuma na yarda da ita. Idan gwiwa ta kumbura ta ɗau zafi, likita yakan zuƙo ruwan gaɓa da sirinji. Ruwa garau mai launin kara, wanda fararen ƙwayoyin jininsa ba su kai 2,000 a maikurolita ba, yana nuna zaizayewa ce. Ruwa mai gurɓi da dubun-dubatar ƙwayoyi kuwa yana iya zama mugunya, wadda kan lalata gaɓa cikin kwanaki, kuma a nan dogaro da man zafi da sunan haƙuri ganganci ne. Amma duk wannan bayani ne kan musabbabin cuta da maganinta. Ko sabbin sinadaran da ake bibiya, irin su COMP da CTX-II, zaizayewar guringuntsi suke ƙoƙarin aunawa. Ba sa faɗin raka'a nawa dattijo zai iya tsayawa a Asuba kafin ƙafarsa ta fara rawa.