"A Bar Wa Allah": Wa Ke Da Ikon Faɗin Haka?

 

Akwai wata baiwar Allah da ke zuwa ajinmu na matan aure a nan Bodinga, wanda muke yi bayan La'asar daga Asabar zuwa Laraba. Ba ta fashi, kuma ita kan fara kawo hadda. Kwatsam sai muka yi sati uku ba mu ga ƙeyarta ba. Da na bi sawu gidanta wani dare, na tarar da ita ko hijabi ba ta cire ba, tana hura wuta, yara sun yi barci da yunwa. Ma'aikaciyar gwamnati ce. Ba zan faɗi ofishin ba, ba kuma zan ce na tarayya ne ko na jiha ko na ƙaramar hukuma ba, domin abin da nake so mu duba ya fi ƙarfin ofishi guda.

Shekararta tara tana aiki. Sau biyu ana fitar da sunayen masu tafiya kwas, ana tsallake ta, ana tura mazan da suka zo bayanta, ga shi ƙarin girma kwas yake bi. Da ta tambaya, ogan ya ce mata a gaban mutane wai matar aure mai goyo ina ta ga lokacin kwas, a bar wa masu ciyar da iyali. Sai ta rubuta takardar koke. To, ƙa'idar aikin gwamnati ita ce koken ma'aikaci ya bi ta hannun shugabansa kafin ya hau sama. Ashe kun ga an damƙa wa kura ajiyar nama. Cikin sati biyu aka ba ta takardar tuhuma, wadda ma'aikata ke ce wa kweri, a kan wata makara da ta yi watanni da suka wuce, ranar da ta kai ɗanta asibiti. Bayan wata guda sai ga taransifa zuwa wani ƙauye can bayan Shagari, inda kwalta ba ta kai ba. Yanzu tana idar da Asuba take fita, ta shiga mota zuwa Shagari, ta hau kabu-kabu, kuɗin hanya kuma na cinye mata wajen kashi ɗaya cikin uku na albashi.

Ta dube ni ta ce, "Malama, mi niy yi musu? Tambaya ɗai niy yi." Ni kuwa na faɗi abin da kowaccenmu za ta faɗa: "Ki yi haƙuri, ki bar wa Allah." Ta ce to. Amma tun kan hanyar komawa gida maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙaya, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Babu mai musun falalar haƙuri, kuma babu wanda ya fi Allah (SWT) iya sakayya. Lokacin da Manzon Allah (SAW) zai tura Mu'azu ɗan Jabal (RA) Yaman a matsayin ma'aikaci, cikin abubuwan da ya ja masa kunne a kai har da addu'ar wanda aka zalunta, saboda babu shamaki tsakaninta da Ubangiji. Tambayata ita ce: a bakin wa wannan kalma ta "bar wa Allah" take da kyau? Idan wadda aka cuta ce ta faɗa, bayan ta auna ƙarfinta da na 'ya'yanta, to haƙƙinta ne, ta yafe ko ta nema, duk shari'a ta ba ta. Amma idan ni da ke gefe na riga ta faɗa, ni da ko kwabo bai fita daga aljihuna ba, to kyauta na yi da kayan da ba nawa ba. Sau da yawa ma ba don ita muke faɗa ba, don kanmu ne, mu huta da nauyin jin labarin. Idan kuwa wanda Allah Ya ɗora wa alhakin bincike ne ya faɗa, wato darakta ko babban sakatare, wannan sunansa cin amana, ko da da carbi a hannu ya faɗe shi.

Mu tuna Khaulatu 'yar Sa'alaba (RA). Da mijinta ya yi mata zihari ba ta naɗe hannu a ɗaka ba, ta je ta yi ta maimaita kokenta gaban Annabi (SAW), tana kuma kai ƙara ga Allah. Ba a ce mata marar kunya ba. Sura guda aka buɗe da labarinta, Suratul Mujadala, wadda 'ya'yanmu ke haddacewa a izu na shida daga ƙasa. Ita ta haɗa biyun, ta kai kuka ga Allah, ta kai ga shugaba. Mu ne muka raba su, muka ɗauki ɗaya muka mayar da shi murfin rufe ɗayan.

Abin kunya gare mu mutanen wannan yanki shi ne, wannan ilimi a ƙofar gidanmu aka rubuta shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa daga wajajen 1810 zuwa 1815 yana karantarwa, ƙanensa Malam Abdullahi kuma a nan Bodinga ya zauna. Malam Abdullahi mutum ne da ya taɓa barin rundunar jihadi a wajajen 1807 ya nufi gabas, saboda abin da ya gani na son mulki da son dukiya a tsakanin mutanensa, ba a tsakanin abokan gaba ba. Mutanen Kano suka tare shi, a can ya rubuta musu Diya'ul Hukkam a kan yadda ake riƙon jama'a. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa halayen mulkin zalunci, har da gaisuwar da ake kai wa masu iko kafin a saurari mutum. Tun kafin su, a ƙarshen ƙarni na 15, Shehu Maghili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa cewa lallai sarki ya riƙa zama a inda mata da yara za su iya isa gare shi, ya kuma yi ta nanata masa haɗarin shugaba ya ɓuya daga talakawansa. Hikimar a fili take: wanda ake ƙara ba ya zama mai tsaron ƙofar da ƙarar za ta shiga. Sayyidina Umar (RA) da wani Bamisire ya kawo ƙarar ɗan gwamnan Masar, Amru ɗan Asi (RA), bai mayar da shi wurin gwamnan ya ce a bi ta hannunsa ba. Madina ya kira uban da ɗan.

Ramuwar gayya a kan mai koke ta fi laifin farko muni, ga dalilina. Tsallake mace a ƙarin girma cutar mutum ɗaya ce. Hukunta ta don ta yi magana kuwa darasi ne ake koya wa duk wanda ke ofishin, daga masinja har mataimakin darakta, cewa ga abin da ke samun mai buɗe baki. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Daga ranar an toshe hanyar da gyara zai bi ya shigo, wanda zai saci kuɗin magani gobe ma ya samu sutura.

Kada a ɗauka a ƙauye kaɗai ake haka. A 2015 wani ma'aikacin Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda a Abuja, Aaron Kaase, ya kai ƙorafi kan yadda aka yi da wasu kuɗaɗe, sai aka dakatar da shi, bai koma bakin aiki ba sai 2018, bayan Kotun Ma'aikata ta shiga maganar. A watan Disamba na 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta fito da tsarin ba mai tona asirin ɓarayin gwamnati ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na abin da aka ƙwato, amma tsarin ya fito ba tare da dokar majalisa da ke kare shi ba. A farkon 2017 aka sallami Ntia Thompson daga wata hukuma da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje bayan ya kai rahoto ga EFCC, sai da jama'a suka yi ca kafin a mayar da shi a cikin shekarar. Waɗannan maza ne, a Abuja, kusa da 'yan jarida da lauyoyi. Ina ga mace mai goyo a bayan kabu-kabu?

Akwai kuma wani zalunci na biyu a cikin irin wannan taransifa da ban taɓa jin an yi maganarsa ba. Wanda ya tura ma'aikaci ƙauye don ya hore shi, me ya mayar da mutanen ƙauyen? Ya mayar da su kurkuku. Matan ƙauyukan Shagari 'yan'uwanmu ne, muna auratayya, muna haɗuwa wurin biki da ta'aziyya. Ƙasarsu ce ta ba Nijeriya shugaba a 1979, Alhaji Shehu Shagari, wanda shi kansa malamin makaranta ne kafin siyasa. Haƙƙinsu ne a kai musu ma'aikaci don ana buƙatarsa a can, a kuma ba shi abin da zai zauna da shi. Sai ga shi ana tura musu wanda aka ɓata wa rai, ya iso a gajiye da hantsi, ya kama hanya kafin Azahar don kada mota ta ƙare. 'Yan lelen oga kuwa suna cikin gari, wasu ma sai ƙarshen wata ake ganin su.

Don adalci, ba kowane canjin wurin aiki ne ramuwa ba, dole wani ya yi aiki a ƙauye. Ba kuma kowace mai koke ce mai gaskiya ba, mu mata mun san junanmu. Suratul Hujurat ta umurce mu da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, ni kaina ɓangare ɗaya na ji. To amma wannan hujja ce ta a yi bincike, a kira kowa a saurare shi. Shugaban da ya san yana da gaskiya shi ya fi kowa buƙatar a bincika, don a wanke shi.

Yanzu bari in zo kanmu, don da yawa daga masu karanta wannan mujalla matan daraktoci ne da sakatarori da shugabannin sassa. Takardar taransifar nan ba aljani ne ya rubuta ta ba. Wani ya buga, wani ya sa hannu, wani ya ɗauki fayil ya kai, wasu kuma suna zaune lokacin da aka yi maganar matar aure mai goyo, suka sunkuyar da kai. Kowannensu da la'asar gidan wata daga cikinmu ya koma ya ci tuwo. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta wajabta mana tsayuwa da shaidar gaskiya ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi. Ban ce ki tayar wa maigida da hankali ba, ko ki riƙa binciken jakarsa. Amma ke kin san lokacin da yake saurarenki. Idan ya dawo yana cewa yau ya yi maganin wata mai baki, kada ki taya shi dariya. Ki ce, "Alhaji, 'ya'yanta nawa? In ni ce fa?" Ki tuna masa hadisin matsiyacin gaskiya, wanda zai zo ranar ƙiyama da salla da azumi da zakka, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan waɗanda ya cuta har ya ƙare, sannan a jibga masa zunubansu. Muna tsare mazajenmu daga abinci mai gishiri saboda hawan jini, wannan ya fi cancanta mu tsare su daga gare shi. Uwa kuma ta fi mata ƙarfi a nan, don na san manyan ma'aikata da ba sa tsoron kwamishina amma ba sa iya haɗa ido da tsohuwarsu.

Hanyoyin hukuma ma akwai su, duk da rauninsu, kuma ya kamata mu san su. Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana hukuma nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda jinsi ko addini ko ƙabila ko garin asali. Da irin wannan hujja ce Babbar Kotun Tarayya a 2012 ta soke ƙa'idar da ta tilasta wa 'yar sanda mace neman izinin kwamishina kafin ta yi aure, abin da ba a nema daga namiji. Gyaran Tsarin Mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ikon sauraren ƙarar wariya da cin zarafi a wurin aiki. Sannan ga Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala, tana da ofishi a kowace jiha, ba a biyan ko sisi. Sai dai tana so mai koke ya fara bin hanyoyin cikin gida, ba ta karɓar abin da ya wuce wata 12, kuma shawara take bayarwa, ba ta da sandar tilastawa. Duk waɗannan da takarda suke aiki. Don haka duk 'yar'uwar da ke aikin gwamnati ta riƙa ajiye kwafin kowace takarda, ta rubuta rana da wata, ta tabbata an buga mata hatimin karɓa.

Bayan sati guda na koma gidanta na ce ta yafe mini, na yi gaggawar rufe mata baki. Muka zauna da maigidanta, domin ba za a yi komai a bayansa ba. Da farko ya ƙi, yana tsoron kada a kore ta gaba ɗaya, kuma ban ga laifinsa ba. Daga baya ya amince aka rubuta koken zuwa Sakkwato. Allah Ya taimaka ta ajiye kwafin takardarta ta farko da kwanan wata a jiki, ga kwerin, ga taransifar, kowa ya jera su zai ga yadda suka biyo juna. Abin da ya rage shi ne shaida. Mutum biyar ne ke ofis ranar da oga ya yi maganarsa. Huɗu sun ce ba su ji ba. Ta biyar ɗin, wadda ita ma ɗalibarmu ce, ta ce a ba ta lokaci ta yi shawara da mijinta, kuma har na aiko da wannan rubutu ba ta dawo mana da amsa ba. Ita kuwa baiwar Allah mun mayar mata da karatunta Asabar da Lahadi, tana izu na goma sha bakwai.