Rabon da Ba Namu Ba

Karatun safiya: Fitowa 23:10-11

 

Ayoyin yau biyu ne kacal, kuma dokar noma ce. An umarci Isra'ilawa su yi shekara shida suna cin amfanin ƙasa, a ta bakwai su ɗaga mata hannu ta huta. Wanda ya tashi a ƙauye ba baƙon wannan ba ne, ya san gonar da aka bari saura. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda aka ware wa abin da ya tsiro da kansa a wannan shekara. An fara da matalauta, sannan aka ambaci namun jeji. A surar da ke magana a kan shaidar zur da cin hanci da zaluntar baƙo, a nan aka tsaya aka yanka wa zomo da fakara da barewa nasu rabon. Ba a kawo hujjar cewa suna da amfani ga mai gona ba. Mai ƙasar ne ya ce a bar musu, shi ke nan.

Mu kuwa wata tarbiyya dabam muka ɗauko. Ba na faɗa da tsintsiya, tsafta abu ne mai kyau. Amma dubi yadda muke yi. Mutum ya sayi fili a bayan gari, kafin a haƙa tushen gini an kira masu gatari sun kwantar da duk itacen da ke ciki, aduwa, magarya, kanya, ba a bar ko ɗaya ba. A ja katanga, a daɓe tsakar gida da siminti daga bango zuwa bango, a jera furen ƙasar waje a tukwane. Ciyawa ta leƙo ta wata kafa, a ɗauko feshi. Bayan shekara biyu sai ka ji maigidan da yamma yana cewa zamani ya lalace, yanzu ko kukan kurciya ba a ji. To, ta zo ta ci me?

Mun saba faɗin cewa bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma gaskiya ne. Yesu ma da tsuntsaye ya yi wa almajiransa nuni sa'ad da yake hana su damuwa a kan abin da za su ci. Amma mun taɓa tsayawa mun tambayi ta wace hanya abincin nan ke isa bakin tsuntsu? Ba daga sama yake faɗowa ba. Yawancin ƙananan tsuntsaye, har da masu cin tsaba idan sun girma, da tsutsa da ƙwari suke renon 'ya'yansu a sheƙa, domin ɗan tsuntsu sai abinci mai laushi mai gina jiki. Douglas Tallamy, masanin ƙwari a Jami'ar Delaware ta Amurka, yakan kawo misalin wani ɗan ƙaramin tsuntsu na can: kafin uwa da uba su yaye 'ya'yan sheƙa ɗaya, sai sun kawo tsutsa 6,000 zuwa 9,000. Tsutsar kuma ganye take ci, kuma ba kowane ganye ba. Kowane tsiro yana da abin da yake kare kansa da shi, wani ɗaci, wani guba, wani ƙaya. Ƙwarin da suka daɗe suna zaune da shi a ƙasa ɗaya su ne suka san yadda za su ci shi su kwana lafiya. Ka kawo itace daga wata nahiya, yawancin ƙwarin nan ba su san kansa ba.

An gwada wannan a yankinmu. Wasu masu bincike daga Holan, Leo Zwarts da abokan aikinsa, sun yi shekaru suna bin itatuwan Sahel ɗaya bayan ɗaya suna ƙirga tsuntsayen da ke kai, musamman baƙin da ke tasowa daga Turai idan sanyi ya kama can, su ƙetare Bahar Rum da Sahara su yi rani a wurinmu. Wasunsu nauyinsu bai kai gram 15 ba. Abin da suka buga a 2015 ya nuna tsuntsayen nan suna da zaɓe ƙwarai: a kan 'yan itatuwa kaɗan suke taruwa, galibi masu ƙaya irin su gawo da danginsa. Dalili kuwa, itacen da ya dogara da ƙaya don korar awaki da raƙuma bai cika zuba ɗaci a ganyensa ba, sai ƙwari su samu wurin ci, tsuntsu ya samu ƙwari. Darbejiya kuwa, wadda asalinta daga yankin Indiya ne, aka shigo da ita Borno wajajen 1928, ba su cika kula ta ba. Kada a ce na ci mutuncinta. Garuruwa da yawa a Arewa da ba don ita ba da babu inda za a fake wa rana, kuma jemage da wasu tsuntsaye suna shan 'ya'yanta. Amma ɗacin nan da ke sa muke zuba ganyenta a rumbu don korar ƙwari, shi ne ke sa ga tsuntsu mai neman tsutsa ta zama rumfar kasuwa ranar da kasuwa ba ta ci: ga inuwa, ba abin saye.

Gawo kuwa duk wanda ya yi noma ya san halinsa. Da damina, sa'ad da kowane itace ya yi kore, shi ya kaɗe ganyensa ya bar wa gero rana. Da kaka ta wuce sai ya tofo, ya yi fure lokacin da fure ya yi wuya, zuma ta samu abin ɗiba, baƙin tsuntsaye su iso su tarar da shi a shirye, awaki su jira 'ya'yansa a ƙasa. Ba banza ba tun ƙarni na 19 sarakunan Damagaram suka sa doka mai tsanani a kan saransa.

In kana so ka ga abin nan da idonka, nemi tumfafiya a bakin hanya ko a kango, wadda muke tsallakewa ba ma ko kallo. Juya ganyenta a hankali, ka kiyayi ƙaron nan fari kada ya taɓa maka ido. Wata rana za ka tarar da tsutsa mai zane-zane, baƙi da fari da rawaya, da wasu siraran ƙahoni baƙaƙe guda shida, tana cin gefen ganyen. Gubar da ta hana akuya sakewa da tumfafiya ita wannan tsutsa take ci ta adana a jikinta. Idan ta ƙoshi sai ta rataye kanta ta ƙulle cikin wani ɗan kwanso mai ɗigon zinariya, bayan 'yan kwanaki malam-buɗe-littafi ya fito, ja-ja mai baƙin gefe da farin ɗigo, yana yawo a hankali ba ya gudun kowa, don tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana irinsa ba ya ƙarawa. Ganyen da ka gani da huji, wani ne ya karya kumallo a kansa. Mai koyon lambun da ke bar wa ƙwaro da tsuntsu rabonsu, abu na farko da zai koya ke nan: ya ga hujin ganye bai ruga neman magani ba.

Shi ya sa nake ganin koyon nan rabinsa koyon gani ne, rabinsa koyon riƙe hannu. Labarin Maraɗi ya isa shaida. A farkon shekarun 1980 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo yana aiki da mishan ta SIM a can, yana rabon dashen itatuwa ƙauye-ƙauye, yawancinsu suna mutuwa, rana ta ƙona, akuya ta cinye. Shi da bakinsa yana ba da labarin cewa wata rana a 1983 ya tsaya rage wa tayoyin motarsa iska don ya ratsa rairayi, ransa a ɓace, ya roƙi Allah ya buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefe, irin wanda manoma ke sassabewa kowace bazara. Da ya duba ganyen, ashe itace ne da aka sare tuntuni, kututturen na nan da rai, saiwarsa ta yi nisa a ƙasa, kowace shekara yana tofowa ana sake sarewa. Aikin da ya biyo baya ba shi da wuya: a zaɓi toho mafi ƙarfi, ɗaya zuwa biyar, a datse sauran da wuƙa mai kaifi, a kare su. Da fari dariya aka yi ta yi, don a lokacin manomin kirki shi ne mai gona fes. Yunwar 1984 ce ta sa mutane da yawa suka gwada. Yau ana ƙiyasta cewa manoman Nijar sun farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, ba tare da dashe ba. Amsar addu'ar tana nan a ƙarƙashin ƙafar kowa tun kafin a yi ta, ana bi ta kai da gatari.

Kai da ba ka da hekta ko ɗaya, ware lungu guda a gidanka. Damina ɗaya kada ka yi feshi a wurin, kada ka ƙona, ka ga abin da zai fito. Abin da ba ka sani ba ka tambayi wata tsohuwa ko wani makiyayi, sun fi littafi sanin sunan tsiro da amfaninsa. In magarya ce ko sabara ko kalgo ko aduwa, ka yi mata shinge. In za ka shuka kuka ko ɗorawa ko gawo, ƙwayarsu tana da tauri, sai an jiƙa ta a ruwan zafi ko an ɗan kankare bayanta kafin ta tsiro, kuma a nisanta su daga gini, haka ma ɓaure. Bar gamba ko wata ciyawa ta yi tsaba, za ka ga tsuntsaye irin su baiwar Allah da asisi sun sauko. Ganyen da ya zuba a tara shi a gindin itace, gara da tana su mai da shi ƙasa. A watan Maris da Afrilu, sa'ad da tafkuna suka ƙafe, kasko ɗaya na ruwa a inuwa, da 'yan duwatsu a ciki don zuma ta samu wurin tsayawa, ya fi duk wani fure kiran baƙi. 'Yar'uwa da ke gidan haya, ko ɗoɗɗoya da yakuwa a tsohon bokiti, in kika bar su suka yi fure, kin buɗe ƙofa. Kuma ina tambayar dattawanmu: harabar majami'unmu masu faɗi, da aka share ƙwal ba komai sai darbejiya biyu da wurin ajiye motoci, me zai hana a ba matasa ko zumuntar mata kusurwa ɗaya? Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da koyarwar cewa abin da tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar mutum ana rubuta masa sadaka, don haka wannan aiki ne da unguwa guda za ta iya haɗa hannu a kai ba gardama.

Na san abin da wani zai ce: maciji fa? Sauro fa? Tambaya ce ta mai hankali. Tarin ganye da ƙirare a ajiye su nesa da ɗaki da inda yara ke wasa, a share hanya, a riƙe tocila da dare. Ruwan kasko a zubar a sake kowane kwana biyu, kafin ƙwan sauro ya kai ga tashi. Manomin da jan-baki ya sauka wa a gonar shinkafa ko gero kuma ba zan tsaya a kansa ina yi masa wa'azin son tsuntsu ba, abincin shekararsa ne ake kwashewa. Dokar da muka karanta ma ba ta ce a bar wa namun jeji gonar duka ba. Shida na mai gona, kuma ko a ta bakwai ɗin mutum mai yunwa ne a gaba.

Inda dokar ke taɓa zuciya shi ne nan: tana hana mu kwashewa tas. Akwai wani ciwo a cikinmu da ke ganin duk abin da bai shiga buhunmu ba asara ne. Shi ke sa a zage kuka ganye ɗaya bai rage ba har ta kasa yin fure, alhali furen nan fari da ke buɗewa da magariba jemage ke zuwa sha da dare ya haɗa masa aure, daga nan 'ya'yan kuka suke samuwa. Ciwon nan bai tsaya a gona ba. Shi ne ke sa a matse ɗan aiki har kobo na ƙarshe, a cika kowace sa'a ta rana da neman kuɗi har ba a bar wa Allah ko ta hutu ba, a ga baƙo a ƙofa a fara lissafin mudu. Mutumin da ya iya tsayawa ya ga tsuntsu na cin magaryarsa bai ɗauki dutse ba, ya fara yarda cewa shi ɗan tsaro ne a wurin, akwai Mai shi, kuma Mai shi yana da waɗansu baƙin da bai nemi izininmu kafin ya gayyace su ba. Yau kafin ka fita, zagaya gidanka sau ɗaya ka duba ko akwai abin da ke tofowa wanda ka saba sarewa.

Mu yi addu'a.

Ya Ubangiji, Mai ciyar da kowane baki, mun gode don wannan safiya. Ka tuna da matan da ke sare itace don ba su da abin hura wuta, ka buɗe musu wata hanya. Ka tsare gonakin masu fama da jan-baki da fari a bana. Ka kai baƙin tsuntsayen da ke ratsa hamada lafiya, su tarar da gawo a tsaye. Ka ba yaranmu masu yawo da danƙo ido mai tausayi, mu kuma ka riƙe hannunmu a inda ya kamata mu bari. A cikin sunan Yesu muka roƙa, amin.