Itacen Kaɗanya a Kwanakin Annoba

Tambayar da za mu duba yau ita ce: sa'anda annoba ta auko wa ƙasa, mutane suna ciwo, yunwa kuma tana bakin ƙofa, daidai ne mutum ya ba da ƙarfinsa kyauta domin tsaron itatuwan jeji?

Zungeru ta san zuwan abu da wucewarsa. A 1902 Lugga ya mai da ita mazaunin mulkin Arewa, ba a yi shekara ashirin ba aka tashi zuwa Kaduna. Har gadar ƙafa da aka yi a zamaninsa an ɗauke ta an kai Kaduna a 1954. Amma kogin Kaduna yana nan, kaɗanya da ɗorawa suna nan a gonaki. Annobar mura ta sauka Ikko a watan Satumba 1918, ta bi hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, hanyar nan kuwa ta Zungeru ta ke ratsawa. Bayan shekara ɗari da ɗoriya, a 27 ga Fabrairu 2020, aka sami mutum na fari mai cutar korona a Nijeriya. Kafin ƙarshen Maris aka hana taro, aka rufe makarantu, zirga-zirga ta tsaya, ciniki ya mutu.

To, a ce akwai maƙwabta biyu a wani ƙauye kusa da Zungeru a cikin waɗannan kwanaki. Na fari ɗan dako ne a tasha. Da motoci suka daina zuwa, rumbunsa ya ƙare, ya ɗauki gatari ya nufi jeji domin ya sare kaɗanya ya toya gawayi, gama gawayinta yana da nauyi, yana daɗewa a wuta, masu saye kuma suna sonsa. Na biyu yana cikin waɗansu da suka yi shawara su riƙa zaga jejin da sassafe, ba bisa lada ba, suna tsare itatuwa, suna ban ruwa ga dashe. Suka gamu a gindin itace guda. Wanene ke da gaskiya?

Kada mu yi garajen shari'a. Mai gatari ba ɓarawo ba ne. Yana da 'ya'ya, ran mutum kuwa ya fi itace daraja. Wanda ya ce masa ya koma gida hannu wofi, shi kuwa yana da tuwo a ɗakinsa, bai san nauyin maganarsa ba.

Amma mu duba itacen. Kaɗanya ba ta ba da 'ya'ya sai ta kai wajen shekara goma sha biyar ko fi, kana ta yi ta bayarwa har tsara bayan tsara. Da farkon damina, lokacin da hatsin bara ya ƙare, na bana kuma bai nuna ba, a sa'an nan 'ya'yanta su ke zuba. Yara su sha, mata su tsince ƙwara su yi man kaɗe, su sayar, su sayi gishiri da magani. Ashe wanda ya sare ta ya sayar da abincin gwauraye na shekaru da yawa domin cefanen kwana kaɗan. Waɗanda za su yi hasara ba su nan balle su yi ƙara, gama waɗansunsu ba a ko haife su ba tukuna. Mai tsaro yana tsaye ne a madadinsu. Saboda haka ba daidai ba ne a ce ya zaɓi itace ya bar mutum.

Dokar da ke cikin Kubawar Shari'a sura 20 ta taɓa wannan al'amari. Ko a lokacin yaƙi, sa'anda aka kewaye birni kwana da kwanaki, an hana saran itacen da a ke cin 'ya'yansa, aka yarda da saran wanda ba ya ba da abinci. Watau tsanani ba ya ba mutum izni ya cinye goben jama'a. Amma shari'ar nan kuma ta umurci mai gona ya bar kala domin matalauci. Dole a riƙe dokokin nan biyu tare.

Ga inda nauyi ya faɗa a kan mai tsaro. Idan ya riƙe hannun maƙwabcinsa, lalle ne ya buɗe nasa. Ya auna masa dawa daga rumbunsa, ko ya nuna masa busasshen itace da reshen da za a iya sarewa ba tare da kashe uwa ba, ko ya kai maganarsa ga dattawa a yi masa gudunmawa. Kakanninmu a ƙasar nan sun san aikin gayya: a taru a nome gonar mara lafiya, ba wanda ya ke jiran biya. Tsaron jeji gayya ce da a ke yi wa jikoki. Ba za ta tsaya ba idan an bar maƙwabci na yau da yunwa.

Annobar 2020 ta lafa, kasuwanni sun buɗe, amma kututturen da aka bari a shekarar nan bai zama itace mai 'ya'ya ba har yanzu.

Tambayoyi domin bincike

1. Da kai ne ka tarar da mai gatari, me za ka faɗa masa, me kuma za ka ba shi?

2. Waɗanne itatuwa ne a garinku matalauta su ke dogara gare su da bazara?

3. Wane aiki ƙungiyarku za ta iya yi a wannan damina, wanda amfaninsa sai bayan shekara goma sha biyar?