Tokar Aboki A Bayan Babur



Makon jiya wani ɗan uwa da ke zaune a Amurka ya turo min tambaya, kuma ya yarda in amsa a fili ba tare da na ambaci sunansa ba. Shi mai sha'awar hawan manyan babura ne. Yana da wani aboki wanda ba Musulmi ba, sun shekara da shekaru suna doguwar tafiya tare. Abokin ya mutu, iyalinsa suka ƙona gawar. Ashe ya bar wasiyya cewa a ɗauki tokarsa a bayan babur idan za a fita gasar doguwar tafiya, a riƙa barbaɗa ta a wuraren da yake ƙauna a hanya. Matar mamacin ta ce ba wanda ya cancanci wannan aiki sai shi. Ya ce: "Malam, in karɓa ko in ƙi? Idan na ƙi, ban ci amanar abota ba?"

Kafin hukunci, bari mu fahimci abin tukuna. A Amurka akwai masu gasar tafiya mai nisa a kan babur. Wadda ta fi shahara ita ce Iron Butt Rally, da aka fara a 1984, kuma yanzu duk bayan shekara biyu ake yin ta. Kwana 11 ake yi, mahayi ya ci kusan mil 11,000, wato sama da kilomita 17,000, yana zagaya wuraren da aka ware domin tara maki. Rana da ruwa da sanyi duk a kansa suke ƙarewa, barci kaɗan. Ka ga kuwa mutanen da suka sha irin wannan wahala tare dole shaƙuwa ta shiga tsakaninsu.

Ita kuma ƙona gawa ta zama ruwan dare a can. Tun wajen 2016 fiye da rabin waɗanda ke mutuwa a Amurka ƙona su ake yi. Ana sa gawar a wuta mai zafin da ya haura digiri 700 na awa biyu zuwa uku. Abin da ake kira toka ɗin nan ba irin tokar murhu ba ce. Ragowar ƙasusuwa ne ake niƙawa da inji su zama gari, a zuba a mazubi a miƙa wa iyali.

To a nan maganar take. A Musulunci jikin ɗan Adam yana da alfarma, yana raye ko ya mutu. Suratul Ma'ida ta ba mu labarin yadda Allah Ya aiko hankaka yana tona ƙasa don ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai rufe gawar ɗan uwansa. Tun daga nan binnewa ta zama hanyar karrama mamaci. Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana da rai. Idan karya ƙashi ɗaya haka ne, ina ga ƙona duka jiki a niƙe? Shi ya sa malaman mazhabobi huɗu ba su yi saɓani ba wajen hana ƙona gawa, kuma wasiyyar da ta ƙunshi haram ba a zartar da ita.

Wani zai ce: Malam, ai akwai hadisin mutumin da ya sa aka ƙona shi kuma Allah Ya gafarta masa. Gaskiya ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi. Wani mutum ne cikin al'ummun da suka gabata, ya yi wa kansa ɓarna da zunubi. Da mutuwa ta zo, sai ya umarci 'ya'yansa su ƙona shi, su watsa tokar, rabi a tudu rabi a teku. Allah Ya umarci ƙasa da teku suka tattaro shi, Ya tambaye shi dalili, ya ce tsoronSa ne ya sa. Malamai sun ce saboda wannan tsoro ne aka yi masa rahama, tare da uzurin jahilci da gigita. Hadisin bai halatta aikin ba. Darasinsa shi ne, ko an barbaɗa mutum a tsawon mil 11,000, tattaro shi abu ne mai sauƙi a wurin Wanda Ya halicce shi.

Saboda haka, ɗan uwana, amsata ita ce kada ka ɗauki tokar, kada ka barbaɗa. Amma fa kada ka juya wa iyalin baya. Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar Bayahude, saboda shi ma rai ne. Ya kuma umarci Sayyidina Ali (RA) ya je ya binne Abu Ɗalib. Ka je wurin matar nan da ladabi, ka gaya mata addininka ne bai yarda ba, ba ƙin mijinta kake ba. Maganar ba za ta zame mata baƙuwa ba, domin ko Cocin Katolika, a 2016, ya hana mabiyansa watsa tokar matattu. Ka yi mata ta'aziyya, ka taimaka da abin da ka iya, ka ci gaba da leƙa 'ya'yansa.

Ku kuma 'yan uwa mazauna ƙasashen waje, musamman sababbin musulunta da masu dangi waɗanda ba Musulmi ba, ku rubuta wasiyya tun yanzu bisa dokar ƙasar da kuke. Ku bayyana cewa wanka da likkafani da salla da binnewa kuke so, ku sanar da masallacin unguwarku. Mutuwa ba ta sallama.

Sauran mu fa, kada mu tsaya ga cewa "Allah Ya kiyaye" mu wuce. Mutanen nan suna ratsa ƙasa guda don cika wa matacce alkawari, ko da hanyar da suka bi ba daidai ba ce. Mu da aka nuna wa hanyar daidai, me muka yi wa abokinmu da ya rasu? Mun sa hotonsa a Facebook kwana uku, shi ke nan. Wa ya tambayi bashin da ke kansa, alhali Tirmizi ya ruwaito cewa ran mumini yana rataye da bashinsa har sai an biya? Wa ya san ajin da marayunsa suke? Annabi (SAW), shekaru bayan rasuwar Nana Khadija (RA), idan ya yanka akuya sai ya aika wa ƙawayenta. Haka ake riƙon amanar wanda ya tafi.

Yau ka tuna aboki ɗaya da ke kabari. Ka yi masa addu'a, ka kira gidansa, ka ji abin da suke bukata. Alkawari kaya ne.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani, Ya haɗa mu da waɗanda za su suturta mu bisa sunna. Wallahu a'alam.